Shin in daina amfani da Gill Sans saboda halin wanda ya zana shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, ina aikin zanen fosta da katin biki a wani shago, kuma na daɗe ina amfani da wani font, wato salon haruffan bugu, mai suna Gill Sans don yana kwanta mini a ido. Kwanan nan wani abokin aikina ya ce mini wanda ya ƙirƙiro shi masassaƙin duwatsu ne, kuma wai mutumin banza ne. Tambayata biyu ce. Ina ruwan sassaƙa da haruffan da muke bugawa? Sannan in har abin da aka faɗa a kansa gaskiya ne, ya dace in ci gaba da yaba aikinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokin aikinka bai yi maka ƙarya ba, ko a ta farko ko a ta biyu. Sunan mutumin Eric Gill, Bature ne ɗan Ingila, an haife shi a garin Brighton a 1882, ya mutu a 1940. Bari mu fara da sassaƙar, domin sai ka san abin da ya iya sannan za ka gane abin da ya sa maganarsa ta zame wa mutanensa ƙarfen ƙafa.

Manyan baƙaƙen bokon nan da kake dannawa a kwamfuta, tushensu jikin dutse ne. A birnin Roma akwai wani dogon ginshiƙi da aka kafa wa Sarki Trajan a shekara ta 113 miladiyya, a gindinsa akwai rubutu layi shida da aka sassaƙa. Har gobe masu zanen haruffa suna ɗaukar wannan rubutu a matsayin ma'auni. Wanda ya yi shi ya san idon mutum sosai, don layukan sama ya ɗan fi girmama su a kan na ƙasa, saboda mai karatu daga ƙasa yake ɗaga kai, abin da ya yi nisa kuwa ƙanƙancewa yake. Kuma ba rami mai faɗin gindi ake haƙa wa harafi ba. Da cizal da guduma ake saro shi ta gefe biyu su haɗu a tsakiya kamar bakin kwari, ta yadda in rana ta haska, gefe guda ya ɗauki haske, ɗayan ya riƙe inuwa. Da inuwar nan ake karanta rubutun, ko da fentin da aka shafa masa ya goge.

'Yan ƙafafun da kake gani a ƙarshen sandunan haruffan Times New Roman ma daga can suka samo asali. Wani limamin Katolika ɗan Amurka, Edward Catich, wanda ya yi sana'ar rubuta allunan shaguna a Chicago tun yana saurayi, ya kawo hujja a 1968 cewa da faffaɗan burushi aka fara rubuta haruffan a jikin dutsen, masassaƙi ya bi sawu. Ƙafafun nan, a cewarsa, wurin da burushi ya sauka ne da wurin da ya tashi. Wanda ya taɓa zama kusa da alaramma yana rubuta allo da alƙalamin kara ba zai sha wahalar gane wannan ba: bakin alƙalami mai faɗi shi ke sa layi ya yi kauri a nan, ya sirance a can, ba tare da marubucin ya danna ba.

To Gill ta wannan ƙofar ya shigo. Ya je Landan a 1900 don koyon zanen gine-gine, abin bai kama ransa ba, sai ya riƙa zuwa ajin dare yana koyon sassaƙar dutse da kuma kyautata rubutun hannu. Malaminsa na rubutu shi ne Edward Johnston, kuma ina so ka riƙe wannan suna, domin sau da yawa almajiri ne ke kwashe yabon da ya kamaci malami. Johnston ne ya zana haruffan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan da suka fito a 1916, waɗanda jikokinsu ke kan allunan tashoshin har yau. Shi kuwa Gill ya ajiye zanen gini a 1903 ya koma cin abinci da rubutun kaburbura da allunan tunawa da mamata. Wajen 1910 ya fara sassaƙa siffofin mutane. A lokacin, al'adar manyan masu sassaƙa ita ce su gina siffa da yumɓu su miƙa wa leburori su kwaikwaya a dutse. Gill ya ƙi wannan, ya ce shi da hannunsa zai fuskanci dutsen. Allunan dutse 14 da ya sassaƙa wa babban cocin Katolika na Westminster tsakanin 1914 da 1918 su suka fito da sunansa.

Shigarsa harkar ɗab'i kuwa kusan dace ne kawai. A 1926 ya rubuta wa wani mai sayar da littattafai a Bristol, Douglas Cleverdon, allon shagonsa da haruffa marasa ƙafafu. Stanley Morison, mai ba Monotype, kamfanin ƙera haruffa da injinan bugu, shawara, ya gani ya ce ga abin da yake nema, don a daidai lokacin Jamusawa na cin kasuwa da irin waɗannan haruffa, musamman Futura na Paul Renner da ya fito a 1927. Gill Sans ya fito a 1928. Shekara guda bayan nan kamfanin jirgin ƙasa na LNER ya ɗauke shi, daga allon tasha har takardar jerin abinci. Kamfanin buga littattafai na Penguin suka sa shi a bangon littattafansu daga 1935. Kai ma ka daɗe kana ganinsa ba ka sani ba: haruffa ukun nan na tambarin BBC, daga 1997 zuwa 2021, Gill Sans ne.

Yanzu buɗe kwamfutarka ka rubuta manyan E, O, R da M da Gill Sans, ka girmama su har su cika fuskar allon. Za ka ga E siririya ce, O kuwa ta kusa zama cikakkiyar da'ira, wato kowane harafi da nasa faɗin, kamar dai na ginshiƙin Trajan. Canza su zuwa Arial, sai ka ga an kusa daidaita faɗinsu kamar bulo daga injin guda. Dubi ƙafar R yadda ta miƙo waje da ɗan lanƙwasa, da tsakiyar M da ta tsaya a rabin hanya ba ta sauko ƙasa ba. Sannan ƙaramar g mai kama da tabarau. Futura da kamfas da rula aka haife shi, Gill Sans kuwa, duk da an sare masa ƙafafu, ƙashin bayansa na rubutun dutse ne. Wannan shi ne abin da ka ce yana kwanta maka a ido. Gill da kansa yana cewa haruffa abubuwa ne, ba hotunan abubuwa ba, kuma magana ce ta wanda ya san in ka sare dutse ba ya komawa.

Ba shi kaɗai ya ɗebo daga dutse ba. Bajamushe Hermann Zapf ya ga rubutun kaburbura a daɓen cocin Santa Croce da ke Florence a 1950, ba shi da takarda a hannu, sai ya zana su a jikin takardar kuɗi. Daga nan font ɗinsa mai suna Optima ya fito a 1958, kuma da shi aka rubuta sunayen sojojin Amurka a bangon tunawa da yaƙin Biyetnam a Washinton. Haruffan sun fito daga dutse, sun bi ta dalmar da ake zuba haruffan bugu da ita, sun koma dutse.

Sai tambayarka ta biyu, wadda ba ta da daɗi. A 1989 wata marubuciya, Fiona MacCarthy, ta wallafa tarihin rayuwar Gill bayan ta karanta littattafan da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, waɗanda ke ajiye a wani ɗakin karatu na jami'ar Kalifoniya a Los Angeles. A ciki, da hannunsa, ya rubuta cewa ya yi lalata da 'ya'yansa mata biyu suna 'yan mata, da kuma 'yar'uwarsa ta jini, har da abin da baki ba zai iya faɗa ba game da karen gidansa. Ba ƙazafin maƙiya ba ne. Kuma duk wannan yana yi ne yana sanye da rigar addini, ya tara almajirai a ƙauye yana yi musu wa'azin tsarkin aikin hannu. Ya mutu ana girmama shi, ba a taɓa gurfanar da shi ba.

Tun daga lokacin mutanen Ingila ba su daidaita a kansa ba. A saman ƙofar hedikwatar BBC a Landan akwai mutum-mutumin da ya sassaƙa a farkon shekarun 1930, wani dattijo da yaro tsirara a gabansa. A watan Janairun 2022 wani mutum ya kafa tsani ya hau shi da guduma, aka sake kai masa hari a 2023. BBC ta gyara shi ta bar shi a wurinsa. Gidan tarihi na Ditchling, ƙauyen da Gill ya zauna daga 1907, ya bi wata hanyar: a 2017 ya baje ayyukansa tare da bayyana wa masu kallo abin da ya aikata.

Ni a nawa ganin, ayyukan nasa ba kwando ɗaya za a zuba su ba. Akwai zane-zanen da ya yi na 'yarsa ba tufafi a shekarun da yake cutar da ita. Waɗannan laifin na cikinsu, ba na iya kallonsu in tsaya maganar kyan layi. Gill Sans kuwa wani abu ne dabam. Tsarinsa na Johnston ne, kuma Gill bai musa ba. Tushensa na Romawa ne. Sannan zanen da ya miƙa ba shi ne ya shiga inji kai tsaye ba: ofishin zane na Monotype, wanda galibin ma'aikatansa mata ne da ba a cika ambaton sunayensu ba, shi ya gyara, ya auna, ya fitar da masu kauri da sirara da sauran dangin. In ka sa shi a katin biki, ba ka ɗauki alhakin kowa ba, kuma ba aljihun Gill kuɗin ke shiga ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a koyar da ɗalibai sunansa a matsayin gwarzo a rufe sauran. In ka yabi ƙafar R ɗinsa a gaban yaran shagonku, faɗa musu ko wane ne shi a zama guda. In kuma zuciyarka ta ƙi shi gaba ɗaya, ba ka yi asarar da ba ta da madadi ba. Akwai Optima, akwai Frutiger, akwai salon Johnston kansa.

Ko da ma babu wannan magana, akwai inda zan ce ka yi hattara da shi. Lamba 1 ɗinsa sanda ce kawai, kusan ba ta da maraba da babbar I da ƙaramar l. Na taɓa ganin katin gayyata da aka buga adireshi da shi, baƙi suka yi ta juya katin suna tambayar ko lamba ce ko harafi. Johnston ya fi almajirinsa dabara a nan, don ya lanƙwasa wa l ɗinsa wutsiya. Na biyu ya shafe mu kai tsaye. Waɗannan haruffa don Turanci aka zana su, kuma da yawa daga irin na wancan zamani ba su da ɓ, ɗ da ƙ. In babu su, kwamfuta kan aro daga wani font ta cusa a tsakiyar kalma, sai ka ga ƙ ɗin “ƙauna” ta fi 'yan'uwanta kauri ko ta ɗan nutse ƙasa da layi. Kafin ka tura aikin Hausa wurin bugu, rubuta “ɓarawo ya ɗauke ƙwarya” da font ɗin da ka zaɓa, ka girmama shi, ka duba masu ƙugiyar ɗaya bayan ɗaya.