Tambaya da Amsa: Kayan Ɗakin Marigayiya da Haƙƙin Jaririn da Ta Bari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanwata ta rasu kwana biyu bayan haihuwa, jini ne ya ɓalle mata. Shekarunta 22, aurenta shekara ɗaya da wata takwas. Tela ce, a ɗakinta take ɗinki, 'yan matan layinsu da yawa ita ta koya musu riƙe almakashi. Ta bar miji da jariri namiji da iyayenmu duka biyu. Yanzu gwaggonninmu sun ce a kawo mota a kwashe kayan ɗakinta, tunda mu muka saya. Mijin bai ce uffan ba. Ya halatta? (Wata 'yar'uwa daga Gwammaja)

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙanta, Ya karɓi shahadarta, domin hadisi ya sanya macen da ta rasu a kan haihuwa cikin shahidai. Amma 'yar'uwa, ku dakatar da motar nan. Kujeru da katifa da firji da kwanuka, tun ranar jere suka zama mallakinta, yanzu kuma sun zama na magada. A mazhabar Malikiyya mahaifi kaɗai ake karɓar da'awarsa cewa aro ya ba 'yarsa, shi ma cikin shekara guda da tarewa. Taku ta wuce shekara, sai fa in ya kafa shaidu tun farko.

Ku fara da rubuta komai a gaban mutum biyu, ɗaya daga danginku, ɗaya daga dangin miji: kayan ɗaki, lefe, sarƙa da 'yan kunne, keken ɗinki, kuɗin banki, bashin da take bin mutane. Idan akwai ragowar sadaki, bashi ne a kan miji, zai zuba shi cikin dukiyar. Dillali ya yi wa kaya kuɗi da farashin yau, ba na ranar saye ba, gwal kuma a auna shi da giram. Ku lura sosai da sana'arta. Atamfa da leshin da aka kawo mata ɗinki amana ce, a mayar wa masu su tare da kafin alƙalamin da ta karɓa. Adashi kuwa, in ta riga ta kwasa, ragowar zubi bashi ne a kanta. In ba ta kwasa ba, uwar adashi ta dawo da abin da ta zuba. Sai an biya bashi, an zartar da wasiyya in ta bari (ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji), sannan a zo rabo.

Ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i sun yanke wannan. Za a kasa dukiyar kashi 12: miji 3, mahaifi 2, mahaifiya 2, jariri 5. A misali, in komai ya kama naira 1,200,000, miji na da 300,000, iyaye 200,000 kowannensu, yaron 500,000. Ku 'yan'uwanta ba ku da kaso. Da mace ta haifa, kashi 13 za a yi: 'ya 6, miji 3, iyaye bibbiyu.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne shirun miji. Kara ce yake yi wa surukai, ba yafewa ba. Ko ya buɗe baki ya yafe, rubu'insa kaɗai ya yafe. Kason jaririn nan babu mai ikon kyautar da shi. Mahaifinsa ne waliyyin dukiyarsa. Shawarata a sayar da abin da ke lalacewa da ajiya, irin su kujeru da katifa, a adana masa a gwal ko fili, a rubuta da shaidu. In magana ta ƙi daidaituwa, ku je kotun shari'ar Musulunci tun zumunci bai ɓaci ba.

Tambaya: Idan uwa ta rasu, wa ya fi cancanta ya riƙe jariri? (Wani magidanci daga Yakasai)

Amsa: Kakarsa ta wajen uwa ce a gaba, in tana da lafiya da amana, bayanta sai 'yar'uwar mahaifiyarsa. Madara da sutura da magani duk a wuyan uba suke, kuma ba a hana shi ganin ɗansa.

Tambaya: Aminiyata ta rasu wata biyar da bikinta. Ƙawaye muna ta ɗora hotunanta na amarci a WhatsApp. Me ya fi dacewa mu yi mata? (Wata ɗaliba daga Tarauni)

Amsa: 'Yata, hotunan nan ba sa isa gare ta, kuma duk wanda mahaifiyarta ta gani sabon ciwo ne. Ku sauke su. Addu'a da sadaka ne ke isa. Da Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Manzon Allah (SAW) sadakar da ta fi ga mahaifiyarsa da ta rasu, ruwa aka nuna masa, ya haƙa rijiya. Ku yi karo-karo daga aljihunku, ba daga abin da ta bari ba, ku sa famfo ko tanki a islamiyyar da ta yi, ku ware wani abu don gyara, domin famfo na lalacewa. Ku bincika ko wani na bin ta bashi ku sanar da iyayenta, ku kuma riƙa leƙa mahaifiyarta bayan arba'in, lokacin da ƙafar masu gaisuwa ta ɗauke.