Wai A Ina Aka Fara Rubutu?

TAMBAYA: Salam malam. Ni ɗaliba ce daga Yelwa, Bauchi. Mun yi musu a aji, wani yace Masar ce ta fara rubutu wani yace Iraƙi, ni kuma a islamiyya an ce mana Annabi Idris (AS) ne farkon wanda ya yi rubutu da alƙalami. Dan Allah wanne ne daidai?

AMSA: Wa alaikissalam 'yata. Maganar Annabi Idris malaman musulunci da dama sun kawo ta, su kuma masu haƙar kayan tarihi abin da suka tono suka gani da ido shi kaɗai suke magana a kai, to kar ki haɗa su faɗa.

Su ma masu haƙar bakinsu bai zo ɗaya ba. A 1952 wani masanin tarihin rubutu mai suna Ignace Gelb ya tafi a kan cewa sau ɗaya aka ƙirƙiro rubutu, a Sumer, kudancin Iraƙi ta yau, daga nan dabarar ta bazu. A birnin Uruk na Sumer an tono allunan laka na wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma kin san me ke jikin yawancinsu? Lissafi ne, sha'ir nawa, tumaki nawa, kamar dai littafin bashi na mai shago a kasuwar Wunti. Wata masaniyar kayan tarihi mai suna Denise Schmandt-Besserat tace tun kafin nan da 'yan curin laka suke ƙirga kaya, su rufe su cikin ƙwallon laka su danna siffarsu a bayan ƙwallon, a hankali suka ga ai alamar ma ta wadatar. Wannan bayanin yana burge ni sosai wallahi.

Sai dai a Abidos ta Masar an samu ƙananan alamu a jikin ƙashi da hauren giwa masu kusan shekaru ɗaya da na Uruk, shi yasa musun ku bai da ranar ƙarewa. Sin kuma nata ya bayyana a ƙasusuwa da ƙoƙon kunkuru wajen 1200 kafin Annabi Isa, ga Mayawa can Meziko da ba su taɓa jin labarin Sumer ba amma su ma suna da nasu rubutun. Ni dai na fi gamsuwa cewa wurare daban daban kowa ya gano nasa.

In aka ce miki zanen duwatsun Geji nan Bauchi rubutu ne, a'a hoto ne, sai alama ta ɗauki sautin magana take zama rubutu. Ajamin da kike karantawa da bokon nan kuwa kakansu ɗaya, haruffan Finisiyawa na gaɓar Labanan.