Me zan gani kuma me zan ci a Cebu?

Malam, ka ce za ka Cebu a Filifin, kana tambayar wuraren ziyara da abinci. Fara da tsohon gari: gicciyen Magellan, Baturen matuƙin jirgin ruwa da ya iso nan a 1521, da ganuwar San Pedro suna kusa da juna. Sannan ka tsallaka zuwa tsibirin Mactan, inda mayaƙan Lapu-Lapu, wani basaraken tsibirin, suka kashe Magellan.

Abinci kuwa sai ka yi hattara. Lechon da garin ke alfahari da shi gasasshen alade ne, kuma man alade kan shiga girki da yawa, don haka ka riƙa tambaya kafin ka ci. Gasasshen kifi da puso, shinkafar da ake dafawa cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa, sun ishe ka. Busasshen mangwaronsu ma ya yi tsaraba.

Da dare ka kira mota ta manhajar Grab a waya.