Sarƙar rataye firem: inda ake sayo ta da yadda ake gwada ta

Ka tambaye ni ina za ka samo sarƙar ado da kunnuwan rataye firem, wato zobban ƙarfen da ake ɗaure sarƙar a bayan firem, wai ka ga wata sarƙa mai ruwan zinari a waya. Ajiye wayar nan, yaro. Ba a sayen sarƙa da ido.

A nan Gusau za ka samu yadi biyu ko uku wajen masu kayan gini, amma in aikin mai yawa ne, Kano za ka nufa, Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, ka sayi nadi guda. Ka tafi da abu uku a aljihu: maganaɗisu, ƙaramin magagari da filaya. Tagulla ta gaske maganaɗisu ba ya kama ta. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka. Ka goga magagari a ɗan zobe ɗaya, in fari ya leƙo daga ciki, ka san abin da ke hannunka. Sannan ka duba bakin kowane zobe: an yi masa walda ko lanƙwasa shi kawai aka yi?

Wannan lanƙwasar ce ta cinye wa shagon nan firem goma sha biyu, har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Wani dila ya rantse da Allah tagulla ce, aka karɓo nadi biyu ba a gwada ba. Firem ɗin manya ne, santimita 60 da 90, gilashi milimita 3. Gilashin kaɗai ya haura kilo huɗu, da katako da allon baya ya doshi bakwai. Sarƙar ta riƙe duk rani, sai da damina ta sauka a watan Yuli wankan ya fara ɓarewa, tsatsa ta zubo jajawur a farin fenti. Bakin zoben ya riƙa buɗewa a hankali, biyu suka faɗo cikin dare, gilashi ya yanka rubutun da ke ciki. Mai aikin ya dawo da su duka, gaskiyarsa kuwa. Aka sake sarƙa, aka sake gilashi, aka biya mai fenti. Da aka koma wa dilan, cewa ya yi shi ado ya sayar, bai sayar da abin ɗaukar kaya ba. Ko sisi bai mayar ba.

Saboda haka kafin ka ɗaura sabuwar sarƙa, yanki rabin yadi ka rataya mata jarkar ruwa mai lita 20 ta kwana. Da safe ka duba zoben ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi ɗan hamma, nadin gaba ɗaya na ƙananan hotuna ne.

Kunnuwa kuma, firem ɗin da ya wuce kilo uku ka sa masa masu ramin sukuru biyu, ka kafa su kashi ɗaya cikin uku daga sama. Katako mai kaurin milimita 20, sukuru mai 12 zuwa 15 ya isa. Wanda ya fi haka yana iya ɓullowa ta fuska. Ka fara huda ƙaramin rami, in ba haka ba katakon ya tsage. Sukurun da ke zuwa cikin leda tare da kunnuwan, yawancinsu kansu ke cinyewa, ka sayi naka daban.

Ku yaran yanzu kuna ɗame sarƙa kamar tsirkiya don ta yi kyau a hoto. Ɗamammiyar sarƙa jan kunnuwan take yi ciki da ƙarfin da ya ninka nauyin firem ɗin. Bar ta ta yi tudu a tsakiya. In bangon siminti ne, huda da diril ka sa fisha, wato robar da ke riƙe sukuru a rami, kada ka buga ƙusa tsirara. Tashi ka cika jarkar can, ga sarƙar da aka kawo jiya.