Zuwa gonar inabi a garin Stellenbosch na Afirka ta Kudu ga wanda ba ya shan giya

Ɗan'uwa ka ce abokan aikinka a Cape Town za su je gonar inabi ta wasu iyali a Stellenbosch inda ake haɗa giya, kai kuma ba ka sha, ko ka bi su? Ka je abinka, in dai zama a wurin bai dame ka ba, tafiyar wajen kilomita 50 ce kawai.

Ni na je a Fabrairu lokacin tsinkar inabi, matar mai gonar ta kawo min jus marar giya da cuku da zaitun muka baje a inuwa ba mai gaggauta ka. Amma fa ka kira masu gonar tun kafin ku je, kuma ka tambayi naman da ke faranti, sau da yawa na alade ne.