Tambaya da Amsa: Tsofaffin Finafinan Daji da Ake Cetowa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga tallar wani fim na ƙasar Ostireliya mai suna Wake in Fright, wanda aka yi tun 1971, ana sayar da faifansa da tsadar da ta fi ta sabon fim, wai don an gyara shi. Me ake gyarawa a fim ɗin da aka gama tun kafin a haife ni? Ba dabarar 'yan kasuwa ba ce kuwa? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dabarar 'yan kasuwa tana nan, akwai masu ƙara wa tsohon kwafi haske a kwamfuta su ce sun gyara. Amma fim ɗin da ka ambata ba ya cikinsu, don saura ƙiris duniya ta rasa shi gaba ɗaya.

Ted Kotcheff ne ya ba da umarninsa, ɗan Kanada, shi ne kuma daga baya ya yi First Blood a 1982, wato Rambo na farko da kowa ya sani. An ɗauko labarin daga littafin Kenneth Cook na 1961, aka ɗauki yawancin fim ɗin a Broken Hill, garin masu haƙar ma'adinai a busasshen yankin yammacin jihar New South Wales. Wani malamin makaranta ne, John Grant, gwamnati ta tura shi wani ƙauye da ba komai sai layin dogo da otal ɗaya, kuma ba shi da ikon barin aikin sai ya biya kuɗin yarjejeniya. Ya samu hutun ƙarshen shekara, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa a can, ya nufi Sidni, ya yada zango na dare ɗaya a wani gari. A daren ya shiga cacar jefa kwabo da tunanin zai samu abin fansar kansa, aka cinye shi tas. Daga nan mutanen garin suka karɓe shi hannu bibbiyu, kuma karamcin nasu ne ya kusa hallaka shi, domin kowa giya yake miƙa masa, ƙin karɓa kuma cin mutunci ne a wurinsu.

An nuna fim ɗin a gasar Cannes ta Faransa a 1971, masu sharhi suka yaba, amma a gida Ostireliya bai yi kasuwa ba. Shekaru suka shuɗe, sai asalin nagatif ɗinsa, wato zaren da ya fito daga cikin kyamara, ya ɓace. Wanda ya tace fim ɗin, Anthony Buckley, shi ya ɗaura ɗamarar nema, ya yi shekaru yana bin sawu daga wannan ma'ajiya zuwa waccan, har ya same shi a wani sito a birnin Pittsburgh na Amurka, cikin kayan da aka riga aka yi wa alamar a lalata su. Hukumar adana finafinai da sauti ta Ostireliya ta jagoranci gyaran, aka sake fito da shi a 2009, aka kuma mayar da shi Cannes a sashen tsofaffin finafinai, inda shahararren mai ba da umarnin nan na Amurka, Martin Scorsese, ya tsaya masa.

Shi kuwa gyaran, ga yadda yake. Zaren fim na wancan zamani yana lalacewa ta hanya biyu. Robar kanta, idan ta sha zafi da laima, sai ta fara warin ruwan khal, ta ƙanƙance, ta lanƙwashe, a ƙarshe ta ƙi shiga inji. Launin kuma yana koɗewa, shuɗi da rawaya su ne ke fara tafiya, shi ya sa za ka ga tsohon fim ya koma ja-ja ko ruwan hoda. Masu gyara sai su wanke zaren, su ɗinke inda ya yage, su ɗauki hoton kowane gida nasa da sikana. Hoto 24 ne a daƙiƙa ɗaya, ka ga fim irin wannan ya haura hoto 150,000. Sannan a bi su a kwamfuta ana cire ƙura da ƙarzuwa, a daidaita launi, a tsabtace sauti. Aikin watanni ne, wani lokaci shekaru.

Ni abin da ya sa na damu da gyaran irin waɗannan finafinai fiye da na sauran, a fim ɗin daji ƙasar ita ce rabin labarin. Kotcheff ya cika hotonsa da ja da rawaya da ruwan ƙasa da gangan, don mai kallo ya ji ƙishirwa a maƙogwaronsa. A koɗaɗɗen kwafi duk wannan ya tafi, sai ka ga wasu maza suna ta shaye-shaye kawai, ka rasa me ya kai mai ilimi ga wannan hali. A gyararren, farin ranar nan da ke dukan fuskarsa da gumin da ya jiƙe rigarsa su ne ke ba ka amsa.

Sai dai in gargaɗe ka, ba fim ne na zama da iyali ba. Akwai giya daga farko har ƙarshe, akwai abin da bai dace yara su gani ba, akwai kuma farautar kangaru da dare wadda ta gaske ce, an bi maharba masu lasisi an ɗauka. Ni kaina da ƙyar nake iya kallon wurin.

Tambaya: Malam, an tura min wani fim a waya mai suna The Creeper, na likitoci a daji. Ya yi daɗi, amma wajen ƙarshe duhu kawai nake gani, sai ihu. Wayata ce ko fim ɗin ne? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Wayarka lafiya lau take. Asalin sunan fim ɗin Rituals, na Kanada ne, 1977, Peter Carter ya ba da umarni, Hal Holbrook ya ja shi. Likitoci biyar, abokan juna tun suna ɗalibai, jirgi ya sauke su a ƙungurmin dajin arewacin Ontario don hutu. Suka wayi gari an kwashe musu takalma. Ina son wannan wurin ƙwarai, don marubucin ya san daji: ba sai ka harbi mutum ba, raba shi da takalminsa a wurin da babu hanya ya isa. Daga nan sai gidan zuma da aka sakar musu, sai tarkon ƙarfe da aka ɓoye cikin ruwa, sai kuma tsohuwar gaba da ke tsakaninsu ta fara fitowa, har ta kai suna gardamar ko su ɗauki wanda ya ji rauni ko su bar shi.

Ƙarshen fim ɗin a cikin wata bukka aka ɗauke shi da dare, da haske kaɗan. Kwafin da suka yi ta yawo a kaset an yanke su, kuma daga zaren da ya riga ya gaji aka kwafo su. Kowane kwafi daga kwafi yana cinye abin da ke cikin inuwa. Kai kuma naka ya ƙara bi ta hannun masu tura fim, waɗanda ke matse shi don ya shiga memori, kuma matsewa duhu take fara lalatawa. Kamfanin Code Red ya fitar da cikakkensa a DVD a 2011, daga baya aka samu na Blu-ray wanda ya fi shi haske. Ko a can ɗin akwai duhu, don haka aka so wurin ya kasance, amma za ka ga fuskoki, ka gane wa ya yi me.

Tunda ka ji daɗin wannan, nemi Long Weekend na 1978, na Colin Eggleston, wanda kamfanin Synapse Films suka gyara. Mata da miji ne da aurensu ke tangal-tangal, suka je kwana bakin teku inda babu kowa, suna jefar da guntun sigari, suna saran itace ba dalili, suna harbin dabbar da ba ta yi musu komai ba. Babu dodo, babu mai kisa. Sautin dajin ne ke ɗauke da tsoron, don haka ka sa abin kunne.

Tambaya: Malam, ni abin da ke ba ni haushi, har da The Naked Prey aka kashe kuɗi aka gyara, fim ɗin da ya nuna baƙar fata suna farautar Bature kamar dabba. Ba gara a bar shi ya ruɓe ba? (Mai karatu daga Kaduna)

Amsa: 'Yar'uwa, haushinki yana kan hanya, kuma ba zan wanke fim ɗin ba. Wurin da aka nuna ana azabtar da 'yan safari an yi shi ne don a firgita Turawa masu kallo da "dabbancin" Afirka, kuma an ɗauke shi a kudancin Afirka a tsakiyar shekarun 1960, lokacin mulkin wariyar launin fata. Abin da ya fi ba ni takaici, asalin labarin ba na Afirka ba ne. Labarin John Colter ne, wani mai ɗana tarko a Amurka wanda 'yan ƙabilar Blackfoot suka tuɓe suka ce ya ruga, a farkon ƙarni na 19. Cornel Wilde, wanda ya ba da umarni kuma ya fito a matsayin jarumi, ya kwaso shi ya kawo nahiyarmu saboda sauƙin kuɗin aiki.

Duk da haka ban yarda a bar shi ya ruɓe ba. Na farko, shaida ce, kuma wanda aka yi wa ƙazafi ba ya son a ƙona takardar ƙazafin. Na biyu, idan kin kalle shi da kyau za ki ga Baturen da ya ɗauki nauyin tafiyar ne ya tsokano rigimar da girman kansa, ya ƙi ba da kyautar wucewa ga masu ƙasa bayan an ba shi shawara. Masu bin sawun kuma mutane ne, suna kukan 'yan'uwansu da suka mutu, suna saɓani a tsakaninsu. Jagoransu Ken Gampu ne, ɗan Afirka ta Kudu, wanda wasunku za su tuna a matsayin shugaban ƙasa a The Gods Must Be Crazy. A wurina shi ya fi kowa iya wasa a fim ɗin, kuma a tsohon kaset, inda aka datse gefe da gefe don hoton ya cika akwatin talabijin, baƙar fuska a cikin rana takan zama inuwa kawai. Faifan da kamfanin Criterion suka fitar a 2008 ya maido da faɗin hoton, ya maido da fuskar Gampu da abokan aikinsa. Ki kalle shi da fushinki, ba sai kin ajiye shi ba.

Tambaya: In na sa an sayo min faifan daga waje, zai yi a injina? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Duba bayan kwalin. An raba Blu-ray shiyya uku: A ta nahiyar Amurka da wasu ƙasashen gabashin Asiya irin su Japan da Koriya, B ta Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostireliya, sai C ta sauran ƙasashe. Mu B muke, saboda haka faifan Ingila ko Ostireliya ya fi dacewa, in dai injinka ba daga Amurka aka kawo shi ba. Faifan 4K galibi ba a kulle shi, amma yana buƙatar injinsa na musamman. Injin DVD kuma ba ya karanta ko ɗaya daga cikin biyun.

Tambaya: Malam, kullum na Turawa kake kawo mana. Namu fa, akwai wanda aka taɓa cetowa haka? (Mai karatu daga Jos)

Amsa: Akwai, kuma labarinsa ya yi kama da na farkon nan. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓace. A 2016 aka gano zarensa cikin kayan Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Barlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Barlin a 2018. Da Hausa aka yi shi, kuma akwai ƙetare hamada a cikinsa, inda uwa ke bin sawun ɗanta da aka sace. Kai da kake Jos ma kana kusa da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne finafinan bidiyo, daga Turmin Danya na 1990 zuwa waɗanda suka cika Ƙofar Wambai a shekarun da suka biyo baya. Waɗannan ba su da nagatif. A kaset aka ɗauke su, kuma kaset ba ya ba da ƙarin kyau komai ƙarfin sikana, abin da ke ciki shi ke nan. Yana kuma lalacewa da zafi da ƙura da fumfuna, ga injinan kunna shi suna ƙarewa tunda an daina ƙera su a 2016. Duk furodusa ko magajinsa da ke da asalin kaset na wancan lokaci, ya fitar da shi daga ɗakin kwano, ya jera shi a tsaye a wuri mai sanyi marar laima, nesa da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta. Kada ya sa kaset mai fumfuna a inji, zai iya yage shi ya kuma ɓata injin. Idan za a juye shi a kwamfuta, a juye ba tare da matsewa ba, a ajiye kwafi biyu a gidaje daban, kuma kada a zubar da kaset ɗin bayan an juye.