Zan iya ɗora injin V8 a kan ƙaramar motata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Mazda MX-5 ƙirar 1992, mai kujera biyu, wadda na saya a matsayin ta hannu. Bodinta lafiya lau yake, amma injinta ya gaji, yana shan baƙin mai yana kuma hayaƙi. Makanikena ya ce maimakon mu tsaya gyaransa, gara mu nemo injin V8 mu ɗora mata ta zama tsuntsuwa. Shin hakan mai yiwuwa ne, kuma me zan yi tsammani?
Daga wani mai karatu, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da makanikenka ya faɗa mai yiwuwa ne, kuma ba shi ya fara tunaninsa ba. A shekarar 1962 wani Ba'amurke mai tseren motoci, Carroll Shelby, ya ɗauki ƙaramar motar Ingila mai suna AC Ace ya sa mata injin Ford mai silinda takwas, wato V8, aka sami motar nan da ake kira Cobra. Sai dai akwai abin da masu ba da wannan labari sukan tsallake: a 1965, lokacin da aka so ɗora mata injin da ya kai lita 7, sai da aka sake ƙera shasin da bututun ƙarfe masu kauri, aka canza tsarin ƙafafunta, aka kuma faɗaɗa bodin domin ya ɗauki manyan tayoyi.

Motarka ta fito daga kamfani da injin lita 1.6 mai ƙarfin doki kimanin 115, nauyinta bai cika kilo 1,000 ba, kuma an raba nauyin kusan daidai tsakanin gaba da baya. Wannan daidaiton ne ya sa take shan kwana kamar an ɗora ta a kan layin dogo, shi ne kuma dalilin da ya sa mutane suke ƙaunarta tun fitowarta a 1989. Injin V8 da aka fi sa mata a Amurka shi ne jerin LS na kamfanin General Motors, kuma samfurin LS3 mai lita 6.2 yana ba da ƙarfin doki 430, wato kusan ninki huɗu na abin da aka tsara motar a kansa. Kamfanin Flyin' Miata da ke jihar Kolorado ya yi suna a wannan aiki, amma idan ka duba abin da suka riƙa canzawa a lokacin da suke yin sa za ka ga cewa kusan bodi kawai suke bari.

Giyar motarka ba za ta ɗauki wannan ƙarfi ba, don haka sai an sa babbar giya irin Tremec T56, wadda kafin ta shiga sai an buɗa ramin da ke ƙarƙashin tsakiyar motar. Aksul ɗin baya kuwa shi ne mafi rauni, musamman a ƙirar 1.6 irin taka, domin haƙoransa ƙanana ne, har ma kamfanin Mazda da kansa ya ƙara masa girma daga ƙirar 1994. Na taɓa tsayawa a wani gareji aka kwance irinsa a gabana bayan mai motar ya ƙara wa injinsa ƙarfi ya bar sauran yadda suke: da makaniken ya juye man a cikin tasa, sai ga gutsattsarin haƙora suna ƙyalli a ciki kamar tsakuwa a shinkafa. Baya ga aksul akwai farfela, da kuloci, da kujerun injin, da ƙarfen da injin yake zama a kansa, da salansa, kuma kowanne sai an ƙera sabo ko an yi odarsa daga waje da dala. Kuɗin injin kansa, wanda shi ne kawai makanikenka ya lissafa maka, zai iya zama mafi ƙanƙanta a cikin lissafin.

Abin da ya fi damuna shi ne birki. Idan gudun mota ya ninka sau biyu, aikin da birki zai yi kafin ya tsayar da ita yakan ninka sau huɗu, kuma birkin motarka an yi shi ne domin injin mai ƙarfin doki 115. Mota ce gajera, mara nauyi, mai turawa da tayoyin baya, ba ta da na'urar da ke hana taya sulɓewa idan direba ya taka totur fiye da kima. A kan titi mai yashi a gefe, ko a farkon damina lokacin da ruwa ya haɗu da ƙura da man da ya zuba a kwalta, bayanta zai iya juyowa gaba kafin ka ankara. Ina roƙonka, ko wane injin ka zaɓa, ka fara da birki da tayoyi da shokoba kafin a taɓa komai a ƙarƙashin bonet.

Sai kuma zafi. Kayan da ake sayarwa domin wannan aiki ba lallai ne an gwada su a irin yanayinmu ba, inda a watan Afrilu zafi kan kai digiri 40, ga cunkoso, ga ƙurar hunturu da ke toshe lagireto. Babban injin a cikin ƙaramin ɗaki ba ya samun hanyar fitar da zafi, don haka sai an sa lagireto mai kauri da fanka mai ƙarfi, in ba haka ba motar za ta riƙa tafasa tun kafin ka fita daga Kawo.

Shawarata ita ce ka ajiye maganar V8, ka dubi injin Honda K24 mai lita 2.4 da silinda huɗu. Shi ne a cikin Accord ƙirar 2003 zuwa 2007, wadda ta cika titunanmu, saboda haka za ka same shi a Panteka nan Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, kuma kayan gyaransa ba sa wahalar samu. Na cikin Accord yana ba da ƙarfin doki wajen 160, na motar Acura TSX, wadda ita ma ta kamfanin Honda ce, wajen 200, kuma da yake gangar jikinsa ta alminiyam ce, ba zai danne gaban motar ya ɓata daidaiton da na ambata ba. Ban ce aikin mai sauƙi ne ba. A cikin Accord injin a gicciye yake kwance yana jan tayoyin gaba, a motarka kuwa dole ya miƙe ya fuskanci baya, don haka ana buƙatar farantin da zai haɗa shi da giyar Mazda, da sabon kaskon baƙin mai, da ƙarfen zama na musamman. Ko da shi ma, ya kamata ka nemi aksul ɗin ƙirar 1994 zuwa sama. Kuma idan za ka sayi injin, ka sayo shi tare da wayoyinsa da kwamfutarsa daga mota guda, domin a wajen haɗa waya ne yawancin irin wannan aiki yake tsayawa, mota ta shekara a gareji an lulluɓe ta da tamfol.

Kafin ka ba da ko sisi, ka tambayi makaniken ko ya taɓa yin irin wannan aiki, ya kuma nuna maka motar tana tafiya, ka shiga ka ji da kanka. Idan an gama, ka riƙe rasidin sayen injin, ka je ofishin lasisi a gyara lambar injin da ke cikin takardun motar, sannan ka sanar da kamfanin inshorarka canjin da aka yi.